Shanya Fim da Hotuna Ba Tare da Tabon Ruwa Ba

Bara mun ɗauki hotunan gonar gwaji ta wata ƙungiya, tun daga shuka har masara ta yi goyo. Fim ɗaya ne mai hoto 36. Mun wanke shi daidai, muka ɗauraye da ruwan rijiya, muka rataye. Da muka buga hotunan sai ga fararen ɗigo-ɗigo a kan ganyen masara, har wani dattijo ya tambaye mu ko wata sabuwar cuta ce ta shigo. A lokacin an riga an girbe gonar, babu damar sāke ɗauka.

Mun san yawancin mutane da waya suke ɗaukar hoto yanzu. Amma akwai waɗanda har yau suke wanke fim baƙi da fari, kuma ƙungiyoyi da dama suna da tsofaffin fim a gwangwani masu bukatar ɗauraya. Domin su muke wannan bayani.

Laifin na ruwa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa yana ɗauke da farar ƙasa narkakkiya wadda ido ba ya gani. Ita ce takan daskare fari a gindin butar shayi. Idan ɗigon ruwa ya tsaya a jikin fim ya bushe, ruwan ya tafi, farar ƙasar ta zauna. Wajen buga hoto sai ta tare haske, wurin ya fito fari.

Saboda haka ɗauraya ta ƙarshe ita ce abin lura. A wanke da ruwan da ake da shi, amma na ƙarshe ya zama tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota. A tabbata ruwa ne zalla, ba mai asid ba. In babu, ruwan sama ya isa, muddin an bar na farko ya wanke rufin kwano, an kuma tace shi da ƙyalle mai tsabta. Kada sanyinsa ya bambanta ƙwarai da na magungunan wankin. Ruwan randa yakan yi daidai.

A cikin wannan ruwa a zuba maganin da ke hana ruwa yin ɗigo, kamar Photo-Flo 200 na Kodak ko Ilfotol na Ilford. Ma'auninsa kashi 1 cikin ruwa kashi 200, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita ɗaya. Nan ne mutane suke kuskure. Suna zaton in an ƙara zai fi aiki, alhali yawansa kumfa yake yi, ya bar nasa tabon mai maiƙo. A tsoma fim kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, ba girgizawa, a cire. Wasu sukan sa sabulun wanke kwano a madadinsa. Mu dai ba mu ba da wannan shawara ba, gama akwai turare da launi a cikinsa.

To, sai rataya. A maƙale kan fim a igiya, a sa wani abu mai ɗan nauyi a ƙasa domin kada ya nannaɗe. In an ja shi a karkace, ruwan zai gangara gefen ramukan, ya bar fuskar hoton. Game da share ruwa da yatsu biyu, akwai masu yi. Amma fim jiƙaƙƙe fuskarsa taushi gare ta, ƙwayar yashi ɗaya za ta ja layi daga hoto na farko har na ƙarshe. Hannun manomi kuwa ba ya rasa kanta. Gara a bar ruwan ya sauka da kansa.

Da hunturu ƙura ta fi ruwa ɓarna. A zaɓi ƙaramin ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, a rufe ƙofa da taga. Ba fanka, ba rana, ba kusa da murhu. A ba shi awa 2 zuwa 4, da damina fiye da haka, kuma a hana yara leƙawa.

Takardar hoto iri biyu ce. Mai rufin roba wankin minti 2 ya ishe ta. Kada a bar ta a jiƙe da daɗewa, don ruwa yakan shiga ta gefe. A share ta da soso mai laushi, a rataye ta kusurwa ɗaya. Mai kama da takarda zalla takan ci wajen awa ɗaya a wanki. A shimfiɗa ta rub da ciki a kan ragar taga ta roba mai tsabta. Za ta lanƙwashe, sai a danne ta da littattafai bayan ta bushe sarai. Kada a ɗora ɗanyun hotuna a kan juna ko a kan jarida, za su manne.

In tabo ya riga ya fito, a duba gefen da yake. Na gefe mai sheƙi, a hura masa numfashi a goge a hankali da ƙyalle mai laushi. Na gefe mara sheƙi kuwa, kada a goge. A sāke jiƙa fim ɗin a tataccen ruwa kamar minti 10, a bi da shi ta magani, a rataye. Haka muka yi da namu, kuma yawancin hotunan masarar sun dawo.