Mece ce sefa, kuma me ya sa ake yawan ambaton Tchundjang Pouemi?

Sefa kuɗi ce da Faransa ta ƙirƙira a 1945 domin ƙasashen Afirka da take mulka a lokacin. Wadda ake kashewa a Garwa, a arewacin Kamaru, babban bankin BEAC ne ke fitar da ita, wanda Kamaru da Chadi da wasu ƙasashe huɗu suka yi tarayya a kansa.

An ɗaure darajarta da yuro: tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Faransa ce ke tsaya wa wannan farashi, su kuma ƙasashen suna ajiye rabin kuɗinsu na waje a baitulmalinta.

Wannan ɗaurin ne, tun yana da kuɗin Faransa kafin zuwan yuro, masanin tattalin arziki ɗan Kamaru, Joseph Tchundjang Pouemi, ya yi wa filla-filla a littafinsa na 1980, Monnaie, servitude et liberté. Hujjarsa ita ce ƙasar da ba ta da iko da kuɗinta ba ta iya ba manoma da masu sana'a bashin da suke bukata. Ya rasu a 1984, amma masu sukar sefa na yau, irin su Ndongo Samba Sylla na Senegal, daga rijiyarsa suke ɗiba. Pouemi ya cancanci a karanta shi fiye da yadda ake yi.

A arewacin Kamaru tasirin wannan ɗauri a fili yake. Idan naira ta faɗi, kayan Mubi da Yola kan yi araha a kasuwar Garwa, mai saye ya ji daɗi, mai kai shanu Najeriya ya koka. Manomin audugar kamfanin Sodecoton kuwa, da dala ake cinikin audugarsa a duniya, don haka ƙarfin yuro kan rage sefar da ke shigowa.