Uwar da Aka Ce Ba Ta Yi Kuka Ba

Mai karatu, da a ce kai aka ɗora wa yanke hukunci, me za ka nema a fuskar uwar da jaririyarta ta ɓata? Hawaye? Birgima a ƙasa? To idan ba ka ga ko ɗaya ba fa?

Ranar 17 ga Agusta, 1980, wani fasto mai suna Michael Chamberlain da matarsa Lindy suna zango da 'ya'yansu uku kusa da Uluru, ƙaton jan dutsen nan da ke tsakiyar hamadar Ostiraliya. Autarsu, Azaria, makonta tara a duniya. Da dare Lindy ta kwantar da ita a tanti, ta dawo wurin da jama'a ke girki. Ba a jima ba aka ji kukan jariri. Ta nufi tantin, sai ga wani karen daji da ake kira dingo yana fitowa daga ciki. Ta leƙa shimfiɗa, wayam. Nan ta kwarma ihu cewa dingo ya ɗauke mata 'ya.

Mutane wajen 300 suka bazu da tocila, ba su ga komai ba. Masu bin sawu daga 'yan asalin yankin sun ga sawun dingo a bakin tantin. Bayan mako guda aka tsinci kayan jaririyar, jini duk a wuya. Lindy ta ce da saura, akwai wata 'yar rigar saƙa da ta ɗora mata a sama. Ba a gan ta ba. Ka riƙe zancen rigar nan.

Binciken farko, a 1981, ya gaskata uwar. Jama'ar gari kuwa suka ce ba su yarda ba. Me ya sa take magana a talabijin ido a bushe? Wace uwa ce za ta iya bayanin yadda dingo ke yagar nama muryarta ba ta rawa? Ga shi su mabiya wata ƙaramar ɗarikar Kirista ce, Seventh-day Adventist, wadda yawancin mutane ba su san ta ba. Sai jita-jita ta kama: wai hadaya suka yi da yarinyar a daji, wai an taɓa ganin ta cikin baƙar riga. Idan Lindy ta yi kuka a ce na munafunci ne, idan ta daure a ce zuciyarta dutse ce. Don Allah wace fuska ce za ta fisshe ta?

A 1982 aka gurfanar da ita a Darwin, da tsohon ciki. Masu ƙara suka ce a kujerar gaban motarsu ta yanka jaririyar da almakashi, ta ɓoye gawar a jakar kyamara. Babu gawa, babu wanda ya gani, ba a kuma kawo dalilin da zai sa ta aikata ba. Wata mata mai suna Sally Lowe ta yi rantsuwa cewa ta ji kukan jaririyar a lokacin da Lindy ke tare da su, wato bayan lokacin da aka ce an kashe ta. Amma wata masaniyar gwaje-gwaje ta ce ta gano jinin jariri a cikin motar. Mai karatu, ga masaniya da takardunta, ga ƙasa baki ɗaya ta riga ta yanke. Kai da wa za ka bi?

Ranar 29 ga Oktoba aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Bayan 'yan makonni ta haifi 'ya mace, Kahlia, tana tsare. An raba ta da jaririya ta biyu ke nan. Ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli, aka yi watsi da ita. Ta kuma tsaya kan maganarta.

Abin da ya buɗe mata ƙofa, ba wanda ya taɓa tsammaninsa. A farkon 1986 wani ɗan yawon buɗe ido daga Ingila, David Brett, ya faɗo daga kan Uluru ya mutu. Ana cikin neman ragowar gawarsa a wani wuri mai ramukan dingo, sai ga wani ɗan ƙyalle a cikin yashi. Rigar saƙar ce. Wadda aka yi shekaru ana cewa Lindy ce ta ƙirƙiro ta! Cikin kwanaki kaɗan aka sake ta, bayan ta shafe kimanin shekara uku a kurkuku.

Jinin cikin motar fa? Kwamitin bincike na Mai Shari'a Morling ya gano a 1987 cewa abin da aka ce feshin jini ne a ƙarƙashin gaban motar, wani sinadari ne da kamfani ke fesawa don rage ƙarar inji. A 1988 aka soke hukuncin, a 1992 aka biya Lindy da Michael diyyar dalar Ostiraliya miliyan 1.3. Kafin nan auren ya riga ya mutu.

Duk da haka hukuma ba ta yarda a rubuce cewa dingo ne ba. Wani bincike a 1995 ya ce ba a san sanadin mutuwar ba. Sai da karnukan suka kashe wani yaro ɗan shekara tara a tsibirin Fraser a 2001 sannan masu cewa dingo ba ya taɓa yara suka fara yin shiru. Ranar 12 ga Yuni, 2012, bayan kusan shekara 32, mai bincike Elizabeth Morris ta yanke cewa dingo ne ya ɗauke Azaria, ta yi wa iyayen ta'aziyya, aka gyara takardar mutuwar yarinyar.