Ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako: abin da ya kamata ku sani

A shekarar 1920, masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin wani Ba'amurke, Herbert Winlock, sun buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, babban bafaden Masar da ya rayu kimanin shekaru 4,000 da suka wuce, a yammacin Kogin Nilu daura da Luksor. A ciki suka tarar da ƙananan jiragen ruwa na katako, kowanne da matuƙansa. Wasu suna gidan tarihi na Alƙahira yanzu, wasu kuma a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Ke nan sassaƙa jirgi ƙarami tsohuwar sana'a ce.

Amma salon da masu sha'awar wannan aiki ke bi a yau ya fi kusa da abin da aka yi a Ingila a ƙarni na 17 da na 18. A lokacin ana ƙera wa manyan rundunar sojan ruwa ƙananan jiragen yaƙi da ma'auni tsayayye, yawanci 1:48, wato duk abin da ya kai inci 48 a jirgin gaske inci ɗaya ne a ƙaramin. Sau da yawa akan bar ƙasan jirgin a buɗe don a ga yadda aka jera haƙarƙarinsa. Da dama daga cikinsu suna gidan tarihin teku na Greenwich a Landan. A yaƙe-yaƙen da Ingila ta yi da Faransa tsakanin 1793 da 1815 kuwa, fursunonin yaƙi Faransawa da aka tsare a wurare irin su Norman Cross da Dartmoor sun riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sassaƙa jirage da su suna sayarwa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan jirage zai daina cewa rashin kayan aiki ne ya hana shi farawa.

Yau yawancin mutane da kwalin haɗi suke farawa. Kamfanoni irin su Billing Boats a Denmak, Amati a Italiya, OcCre da Artesanía Latina a Sifen, da Model Shipways a Amurka suna sayar da kwali mai ɗauke da zanen jirgi, allunan da aka riga aka yanka da na'urar leza, damin siraran falankai, zare, da ƙananan kayan tagulla. Kada hoton bayan kwalin ya ruɗe ku. Abin da ke ciki ɗanyen kaya ne, kuma kusan kowane falanki sai an fere shi an lanƙwasa shi da hannu kafin ya zauna.

Hanya uku ake bi wajen gina gangar jikin jirgin. Mafi sauƙi, a sassaƙa ta daga gungumen katako guda. Mafi wuya, a gina haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya yadda maƙeran gaske suke yi, aikin da kan ci shekaru. Ta tsakiya ita ce kamfanoni suka fi amfani da ita: a tsayar da allo guda a matsayin ƙashin baya, a saka masa alluna a gicciye masu siffar cikin jirgin, sannan a lulluɓe su da falankai. A wannan lulluɓi ne ake gane wanda zai gama jirginsa da wanda zai ɗora kwali a saman sif ya manta da shi.

Me ya sa yake da wuya haka? Ku ɗauki ƙwarya ku kife ta, ku yi ƙoƙarin rufe bayanta da siraran takardu miƙaƙƙu, kowacce gefenta na taɓa na 'yar'uwarta. A tsakiya za su kwanta lafiya, amma da kun nufi baki sai su fara hawa kan juna ko su tashi. Jikin jirgi ma haka yake, yana da faɗi a ciki, ya tsuke a goshi, ya murɗe a baya. Falankin da ke cikin kwali kuwa faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Sabon shiga yakan fara jera su yadda suka zo, layi biyar ko shida na farko su yi kyau, sannan a goshin jirgi wuri ya ƙare masa. Sai ya shiga danna katako da ƙarfi, gefe ya ɗaga, a sami tudu da kwari, a ƙarshe a cike ramuka da 'yan guntaye masu tsini waɗanda ba a taɓa gani a jikin jirgin gaske ba.

Maganin yana farawa tun kafin a taɓa falanki ko ɗaya. Allunan haƙarƙarin nan gefensu a tsaye yake, alhali falanki a karkace zai bi ta kansu, musamman a goshi da baya. Dole a goge gefen kowane allo da samfefa da aka manna a jikin ɗan katako, har sai an ɗora siririn falanki a kan alluna uku ko huɗu a jere ya kwanta a kan dukkan kaurin kowanne, babu inda ya tsaya a kan kaifi kawai. Aiki ne mai cin rai da ƙura, ba ya nuna ci gaba a ido, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Ni a ganina babu awannin da suka fi waɗannan amfani a duk aikin. Haka nan ana yanka ɗan kwarmi a tsawon ƙashin baya har zuwa goshi, inda bakin falankai zai shige ya ɓuya.

Sai lissafi, kuma ba mai wahala ba ne. A yanki siririyar takarda a ɗora ta a gefen allon da ya fi faɗi, daga ƙashin baya zuwa inda falankai za su tsaya a sama, a auna. A ce an sami milimita 100, falankan kuma milimita 5 ne: layi 20 ke nan. A je allon da ke kusa da goshi a auna shi. In an sami milimita 60, to layi 20 ɗin nan ne za su bi ta wurin, don haka kowane falanki sai an rage shi zuwa milimita 3 a daidai wannan allo. Haka za a yi wa kowane allo, a saka alamun da fensir a gefensa. Ƙwararru ba sa tsayawa nan. Sukan raba gefen jirgin gida uku ko huɗu da zare ko siririn katako, su ja da baya su duba layukan ta gaba da ta gefe, su gyara har sai sun yi daɗin kallo. Amfanin rabawar shi ne, kuskuren da aka yi a gida ɗaya ba zai bi mutum har ƙasan jirgi ba.

Akwai ƙa'idar da aka gada daga maƙeran manyan jirage: ba a rage falanki ya gaza rabin faɗinsa, ba a kuma bari ya ƙare da tsini, domin a jirgin gaske tsini ba ya riƙe ƙusa. Idan a misalinmu allon goshi ya ba da milimita 40, kowane falanki zai koma milimita 2, ya gaza rabi. A nan sai a tsayar da falanki ɗaya kafin ya kai goshi, layi biyu su haɗe su zama ɗaya. A baya kuma, inda wuri kan yi yawa, akan tsarga ɗan ƙarin falanki tsakanin biyu. Duka dabarun biyu ana ganinsu a jikin tsofaffin jirage, don haka ba ha'inci ba ne.

Lanƙwasawa ita ce ta gaba, kuma a nan mutane da yawa sun ɗauka ruwa ne ke yin aikin. Zafi ne. Shi ke tausasa sinadarin da ke riƙe zaren katako, ruwan yana taimakawa ne wajen kai zafin ciki da hana ƙuna. A jiƙa falanki na ɗan lokaci, a ɗora shi a kan abu mai siffar da ake so, a bi shi da dutsen guga a hankali. In ya huce zai riƙe siffar. Babban abin kiyayewa shi ne kada a manna shi yana jiƙe, saboda jiƙaƙƙen katako yana kumbura a faɗinsa, in ya bushe ya tsuke ya bar tsaga tsakanin layuka. A riƙe shi a wurinsa da fil ko maƙalar shanya ya bushe tukuna. Falankin da aka shirya da kyau, yatsa biyu sun isa su riƙe shi a mazauninsa. In sai an danne shi da ƙarfi, bai shiryu ba, a cire a sake.

Wasu wuraren ma lanƙwasawa ba ta isa, don falankin yana bukatar ya karkata ta gefensa. Nan akan manna salatif na takarda a gurbin da zai shiga, a bi gefen falankin da ya gabace shi da fensir, a ɗauke salatif ɗin a manna a kan allo mai faɗi, a yanko falanki mai baka daidai da gurbin. Yana cin katako, amma shi ne aikin da ya fi tsabta.

A riƙa yin falanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wanda ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗayan, jan katakon zai iya karkatar masa da ƙashin baya, kuma wannan ba ya gyaruwa cikin sauƙi. A ɗan fere gefen kowane falanki a karkace don ya manne da na kusa da shi. Gam fari na kafintoci ya fi dacewa, domin yana ba da lokacin gyara. Gam mai kamawa nan take irin Super Glue yana da amfani a bakin goshi, sai dai yana ɓata fuskar katako, tururinsa kuma yana damun ido da hanci.

Kwalaye da yawa na Turai suna zuwa da lulluɓi biyu: na farko mai kauri, wajen milimita 1.5, na katako mai laushi, wanda za a cike ramukansa a goge, sannan na biyu siriri, wajen rabin milimita, na katako mai kyan launi. Shawarata, a yi na farkon kamar shi za a gani. A kansa ake koyon lissafin da ragewar ba tare da fargaba ba.

Masu son kamanta gaskiya sosai ba sa barin falanki ɗaya ya tashi daga goshi har baya, tunda a babban jirgin gaske ba haka ake yi ba. Falankan tsofaffin jirage sukan kai mita 6 zuwa 9, wato santimita 9 zuwa 14 a ma'aunin 1:64, kuma ana warwatsa mahaɗansu yadda biyu ba za su yi maƙwabtaka a kan haƙarƙari ɗaya ba. A daɓen jirgi kuma akan goga bakin fensir a gefen falanki, ya fito kamar layin kwaltar da ake toshe tsaga da ita.

Wani abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne asalin katakon. Obeche, farin katako marar nauyi da ake yawan samu a irin waɗannan kwalaye, daga dazukan kudancin Najeriya da Gana da Kamaru yake fitowa, haka ma sapele mai ja-ja da ake lulluɓi na biyu da shi. Wanda ke da kafinta mai injin tsaga zai iya samun falankansa daga guntayen da suka rage a shago. Abin dubawa shi ne zaren katakon ya zama ƙanana kuma a miƙe, domin zaren da ba ya damun kowa a jikin ƙofa, a jikin jirgi mai tsawon kamu biyu ƙato ne. A sa takunkumi lokacin guga, ƙurar obeche tana tayar wa wasu mutane da asma. A kuma lura da yanayi: jirgin da aka lulluɓe da damina da katakon da bai gama bushewa ba, hunturu zai buɗe masa tsaga. A bar katako ya yi makonni a ɗakin da za a yi aikin, a shafa wa jirgin fenti ko banish da zarar an gama guga.

Bayan gangar jiki sai sandunan tsaye da igiyoyi, wanda darasi ne mai zaman kansa. Ya isa a sani cewa tsanin igiya da matuƙa ke hawa, a babban jirgi ƙulli dubbai ne, kowanne da hannu ake ɗaura shi.

Kusan duk wanda ya shigo wannan fage idonsa na kan jirage biyu: HMS Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765, ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, yake ajiye a Portsmouth har yau, da Cutty Sark, jirgin dakon shayi na 1869 da ke Greenwich. Victory yana da igwa 104 da manyan sanduna uku, kuma goshinsa mai kumburi yana cikin mafi wuyar lulluɓewa. Ba da shi ake koyo ba. A fara da ƙaramin kwalekwale mai falankai kaɗan a babban ma'auni kamar 1:24, sannan jirgi mai sanda ɗaya. Masu neman abin da ya fi haka sukan koma ga Bluenose, jirgin kamun kifi na Kanada da aka gina a 1921, saboda siririn jikinsa yana karɓar falanki ba tare da gardama ba. Kayan aikin farko ba su wuce wuƙa mai kaifi, ƙaramin zarto, rula ta ƙarfe, samfefa iri uku, fil, da allo miƙaƙƙe da za a ɗaure ƙashin baya a kansa ba. Lokacin da za a ware kuma kada ya zama na gaggawa: a wuraren goshi, falanki biyu a zama ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, aikin yini ne mai kyau.