Yadda Jijiyoyin Jini da Jijiyoyin Saƙo Suke Girma Tare

Tun ɗan tayi yana da mako uku a mahaifa jijiyoyin jini na farko suke bayyana, zuciya kuma ta fara bugawa wajen kwana na 22. Daga nan sababbin jijiyoyi suke tohowa daga tsofaffi, domin duk sashen jikin da iskar oksijin ta yi wa ƙaranci yakan fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda masanin kimiyya Napoleone Ferrara ya tace a 1989, shi kuwa sinadarin yana jawo reshen jijiya zuwa inda ake bukatar jini.

Jijiyoyin saƙo, wato waɗanda suke haɗa ƙwaƙwalwa da laka da sauran gaɓoɓi, su ma laluben hanya suke yi, kan kowane zaren jijiya yana bin sinadaran da suke jawo shi, yana kauce wa masu korarsa. Abin ban sha'awa shi ne yawancin sinadaran nan su ne kuma suke yi wa jijiyoyin jini jagora, shi ya sa ake ganin biyun kafaɗa da kafaɗa a hannu da ƙafa. Idan jijiyar saƙo ta hannu ta yanke, takan sake tohowa da kimanin milimita 1 a rana, abin da ya sa jinyarta take ɗaukar watanni.