Darasin tarihin Gobir a hannun malamin gwaji

Ɗalibin makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maraɗi ba ya gama karatu sai ya tsaya gaban yara ya koyar, mai ajin yana zaune a baya yana duba shi. Wanda rabo ya kai shi wata lakwal a karkarar Cadakori, cikin Gidan Rumji, lissafi da karatu ba su cika ɗaga masa hankali ba, don suna da hanyarsu shimfiɗaɗɗiya. Ran da aka kai ga tarihi ne gumi ke karyo masa.

Wahalar farko lokaci ne. Yaro ɗan shekara tara ko goma ya san bara da bana, ya san kaka da rani, amma a rubuta masa 1808 a allo, daidai yake da lambar mota. Tsofaffin ƙauye kuwa tun tuni suna da tasu kalanda: wane an haife shi bayan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wance an yi mata aure shekarar El-Buhari, 1984. Malamin da ya yi dabara yakan bi ta nan. Ya tura yara su tambayo sunan kakan kakansu, a jera sunayen a allo, a yi ta komawa baya har a kai mutum shida ko bakwai. Wajen wannan lokacin ne Gobirawa suka kafa garin Tsibiri.

Wahala ta biyu ta fi nauyi, domin tarihin da ke cikin littafi na gidan yaran ne. A 1804 Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka gwabza a Tabkin Kwatto, a 1808 Alkalawa ta faɗi aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A Gawakuke, 1836, rundunar Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, ba nisa da Cadakori. Yaron da ke Sakkwato ana karanta masa wannan a matsayin nasara. Na Cadakori, wataƙila da zanen Gobirci a fuskar kakarsa, jikan waɗanda aka ci ne da yaƙi suka ƙi miƙa wuya. Shi ɗin ne kuma ke jin sunan Shehu da girmamawa a makarantar allo da asuba, kusa da shi kuma ga ɗan Fulani a benci guda. To, wani yaro sai ya ɗaga hannu: "Mushe, su wa ke da gaskiya?"

Sabon malami a nan yakan yi ɗayan biyu. Ko ya tsere cikin faransanci, ya sa yara su kwafe taƙaitawa a kaye su haddace, ko ya ɗauki gefe guda ya mai da darasin kirari. A ganina duka biyun cuta ce ga yaro. Abin da ya faru ya fi haka armashi. An haifi Shehu a 1754 a Maratta, cikin ƙasar Gobir, wurin da yau yake cikin Nijar. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, wanda makarantar malamin ke ɗauke da sunansa, ya gana da shi a Magami ya ba shi izinin wa'azi. Sai zamanin sarakunan bayansa, Nafata da Yunfa, al'amura suka ɓaci, kan haraji da rawani da wanda ke da ikon faɗa a ji. Yaro yana iya ɗaukar wannan, don ya san mutanen gida guda suna ɓatawa.

Ba a nan kaɗai ake fama ba. A Amurka malaman firamare sun daɗe suna gardama kan yadda za a gaya wa yara zuwan Kolumbus a 1492, alhali a cikin ajin akwai jikokin mutanen da ya tarar da na bayin da aka kwaso daga Afirka.

Labarin Bature ya fi sauƙin koyarwa, don kowa a ajin gefe guda yake: ayarin Faransawa na Vule da Shanuwan ya ƙona garuruwa a 1899, Sarauniya ta tare shi a Lugu, sojojinsu kuma suka kashe su biyun a wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa. Nan hannuwa ke tashi sama rututu.

A Maris 2025 dokar sake gina ƙasa ta Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki. Idan wannan ya iso aji da gaske, malamin gwaji ba zai ƙara samun faransancin da zai ɓuya a ciki ba, kuma abin da ya faɗa kan Yunfa da safe zai isa kunnen kakan yaro kafin la'asar.