Barcin Gaiwa da Agogon Kwamfuta

Akwai wani hali da kwamfuta kan shiga wanda har yanzu ba a tsayar masa da suna ba a Hausa. Idan aka umarce ta, sai ta kwashe dukan abin da take cikin yi ta rubuta a faifanta, sa'an nan ta mutu ɗungum. In aka kunna ta, sai ta ɗauko aikin daga inda ta tsaya. Turawa sun aro sunan wannan hali daga dabbobin ƙasashen sanyi. Mu kuwa muna da gaiwa, wadda manoman ƙasar Rano da Kibiya suka sani sarai: ruwa ya janye ta shige laka, ta kwanta har damina ta faɗi. Saboda haka a nan za mu kira shi barcin gaiwa.

Gaiwa ba ruwanta da sanin kwana nawa ta yi. Kwamfuta kuwa tilas ta sani, kuma a nan wahalar take.

Agogo biyu ke cikinta. Na farko lissafi ne kawai wanda ƙwayar manhaja ke riƙe da shi, watau sashen nan na can ciki mai sarrafa na'urar duka. A tsarin Linux daƙiƙoƙi ake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu, 1970. Wannan agogo da wuta yake rayuwa, in ta ɗauke ya tsaya. Na biyu ɗan guntun ƙarfe ne a jikin allon na'ura, irin wanda kamfanin IBM ya sa cikin kwamfutarsa a 1984. Yana da ƙanƙanen dutse mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, da batir kamar kwabo mai riƙe shi ko babu wuta. Sa'ad da za a kwanta, ƙwaya takan dubi wannan agogo ta rubuta lokacin. In an farka ta sake dubawa, ta ɗebe na farko daga na biyu, ta ce tsawon barcin ke nan. Ba ta da wani mashaidi sai shi, in ba ta sami intanet ta tambayi agogon waje ba.

To, mashaidin nan yakan yi ƙarya. Dutsen an yanka shi ne don ya yi daidai a awon zafi 25, zafin bazara da sanyin hunturu duka suna sa shi jinkiri, amma wannan kaɗan ne. Babbar ɓarna ita ce mutuwar batir. Kwamfutar makarantar da takan yi makonni babu wuta batirinta take ci, ran da ya ƙare sai ta tashi da kwanan watan shekarun baya. Daga nan shafukan intanet masu tsaro su ƙi buɗewa, domin takardar shaidarsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, na'urar kuwa tana ganin ranar ba ta zo ba. Malamin da ke son ɗalibansa su gwada hannu kafin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, sai ya ɗora laifin a kan rashin sabis, alhali batir ne.

Har wa yau akwai saɓanin al'ada. Windows yakan ajiye lokacin gari a agogon ƙarfe, Linux kuwa lokacin duniya na Girinic. Nijeriya tana gaba da Girinic da sa'a guda, don haka na'urar da ke ɗauke da su biyu takan yi kuskuren sa'a ɗaya cur, ba ƙari ba ragi. Wanda ya ga haka kada ya sayi batir.

Masu gina Linux sun raba ƙirgen gida biyu a 2011: ɗaya ba ya lissafa barci, ɗaya yana lissafawa, kowane aiki ya zaɓi wanda ya dace da shi. Abin mamaki kuma, su da kansu sukan ɓata agogon da gangan. In na'ura tana maƙalewa wajen farkawa, babu inda rubutu zai tsira sai cikin agogon ƙarfe, sai su rubuta alamar inda aka tsaya a gurbin kwanan wata. In an sake kunnawa a karanta alamar a gane ɓangaren da ya ƙi tashi, sa'an nan a gyara agogon da hannu.