Kafin Ki Sauya Wa Kwamfutarki Manhaja

 Yau zancenmu kan kwamfutar cinya ne, wadda ta tsufa har ta fara nawa.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita. Wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya ƙago Linux cikin 1991, kowa yana da ikon dubawa ya gyara. Daga gare ta aka sami Ubuntu cikin 2004, da Linux Mint cikin 2006. In Ubuntu ta yi wa kwamfutarki nauyi, koma wa Mint irin ta Xfce. Ba ta cin ƙarfin inji, ba a kuma biyan ko kwabo.

Amma fa sauyin yana iya shafe duk abin da ke ciki, hotunan biki da lissafin adashi da takardun makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki fara kwashe su cikin filas. Sa'an nan ki sa Mint a wani filas dabam, ki kunna kwamfutar da shi, ki gwada sauti da intanet tun ba ki girka ta ba. In kome ya yi daidai, to, bismilla.

Allah ya ba mu sa'a, amin.